Naagin: Inda Mutuwa Ba Ta Cin Kowa

Naagin shiri ne na Indiya da tashar Colors ta fara nunawa a watan Nuwamba na 2015, daga kamfanin Ekta Kapoor. Mu a Bagega ba ta talabijin ya same mu ba. Ta katin waya ya zo, daga hannun masu tura finafinai, a kalla da daddare ana tattalin caji.

Kashin farko an ƙulla shi da kyau, ba na musu. Wasu mutum biyar suka kashe iyayen Shivanya, macijiya mai rikiɗa ta zama mutum, don su sace naagmani, dutsen dukiya da macizai ke gadi. Ita kuwa ta shiga gidan ɗaya daga cikinsu, ta auri Ritik, ɗan gidan, ta fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Mai kallo yana ƙirge da yatsa: saura huɗu, saura uku. Ga kuma so ya shiga tsakani, tana son mijin da ta aura don ta rusa gidansu. Da aka gano cewa ta biyar ɗin Yamini ce, surukar da ke ta lallaɓa ta, sai da wata gwaggona ta tafa hannu ta ce, "Ni dama ban yarda da murmushin matar nan ba!"

Ba a buƙatar yi wa mutumin Bagega bayanin dukiyar ƙarƙashin ƙasa mai cin rai. Tsofaffi kan ce zinariya tana da masu gadinta, aljanu. A 2010 muka ga wani mai gadin da ba a zata ba: gubar dalma da ke cikin duwatsun da ake niƙawa a tsakar gida, kusa da inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo, kuma sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar garinmu. Shi ya sa kwaɗayin mutanen nan biyar bai yi mana kama da tatsuniya ba.

To, a nan ne kuma shirin ya ba ni haushi. Yamini ta mutu a kashin farko, sai ga ta a na biyu a 2016, garau. Aka kashe Shivanya, sai Mouni Roy, jarumar da ta fito a matsayinta, ta dawo da fuskar nan tata a matsayin 'yarta Shivangi, aka sake ɗauko ramuwar gayya daga tushe. Daga nan na daina ji wa kowa tsoro. Wanda aka soka yau, ka jira shi mako mai zuwa.

Tsafin ma ba shi da doka. Macijiyar da sautin busa ke gigitawa a wannan fitowa, a wata fitowar sai ta samu sabon ƙarfi daga sama don marubuci ya rasa mafita. Ko Gizo a tatsuniya in ya yi wayo yakan sha dukansa. Sannan ga jan lokaci: a faɗi magana ɗaya, kyamara ta bi fuskar kowa a falon, tsawa na tashi, batirin waya na raguwa.

Na bi shi har kashi na shida na 2022, inda macijiya ta koma yaƙi da annobar da maƙiya suka turo wa Indiya. A nan na sa aka goge mini shi daga kati, amma gwaggona har yau tana aika yaro ya turo mata ci gaba.