Gargaɗi ga Mabera: a fitar da albarushi daga cikin gida

Jama'ar Mabera ta Sakkwato, maharba da iyayensu da matansu, a saurara. Da zarar kaka ta wuce ciyawa ta bushe, shirin shiga daji ya kankama, kuma lokacin ne ake jawo gwangwanin albarushi daga ƙarƙashin gado. Duk mai ajiye shi a ɗaki, da mai sake ɗura kwanson harsashin da aka riga aka harba, da mai narka darma a tsakar gida, su dakata tun yau.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bidiyon waya. Samari suna kallon Bature a Amurka zaune gaban tebur yana ɗura harsashinsa da hannu don farautar manyan namun dawa, da bindiga mai faɗin baki wadda ake jan wani mariƙi a ƙasanta ta tura sabon harsashi. Irin wanda suka fi ji da shi ana kiransa .45-70, sojojin Amurka ne suka fara aiki da shi a 1873, daga baya kamfanonin Winchester da Marlin suka ƙera masa bindigogin farauta. Yaro ya gama kallo ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, shi ma zai iya. To, ga abin da bai gani ba. Littattafan ma'aunin da mutumin ke bi sun kasa wannan harsashi guda ɗaya gida uku, domin ɗurin da sabuwar bindiga za ta shanye yana iya tarwatsa tsohuwa, alhali dukkansu daga masana'anta suka fito. Sikelinsa yana jin bambancin da bai wuce nauyin ƙwayar gero ba. A Ingila kuwa tun 1813 akwai gidan gwajin bindiga a birnin Bamingam, inda ake yi wa kowace ɗurin da ya zarce ƙa'ida a harba, in ta jure a buga mata hatimi. Sayar da wadda ba ta da hatimin laifi ne.

Wa ya gwada harba-ka-rugar da ke jingine a bayan ƙyaurenka? Maƙeri ne ya haɗa ta da ƙarfen da ya samu, kuma ko da shi gwani ne, ba ya ganin tsatsar da ta ci cikinta bayan damina uku. Ma'auni kuma tafin hannu ne, ko murfin kwalba. Sai ka ji ana cewa, "Ƙara mata kaɗan, naman nan ba ya jin wasa." Wannan kaɗan ɗin ita ke cire yatsu.

Mafi muni duka shi ne a farke harsashin kamfani a juye garinsa cikin bindigar toka. Ido zai ce maka duk gari ne, amma na kamfani wani abu ne dabam da albarushin kakanninmu, kuma ƙarfin da yake tarawa cikin ƙiftawar ido ya ninka abin da ƙarfen maƙera zai ɗauka. In ta fashe, a gindi take fashewa, daidai inda kumatunka ke manne da ita, hannun hagunka kuma yana riƙe da cikinta. Haka nan wanda ya ɗura jiya ya manta, yau ya sake ɗurawa a kai. Haka nan wanda bakin bindigarsa ya caki laka bai duba ba. In kuma ka ja kunama ta yi shiru, kada ka juyo da ita ka leƙa, kada ka busa mata iska. Wani lokaci wutar tana cin hanya ne a hankali. Riƙe ta bakinta na kallon inda ba kowa, ka jira.

Wannan duk a daji ke nan, inda mai bindiga kaɗai zai sha. A Mabera kuwa gida manne yake da gida, wasu lungunan ko keke-napep da ƙyar yake kutsawa, balle motar kashe gobara. Unguwa ce da kowa ya san yadda ruwa ke kwanciya a cikinta da damina. Albarushi ya sha damshi ya dunƙule, sai a baza shi a faranti kusa da murhu wai ya bushe, ko a daddaka shi da dutse. Da hunturu a shigo da kaskon garwashi ɗaki, amarya ta sa turaren wuta, a kunna maganin sauro a gefen katifa. Da bazara zafin Sakkwato ya haura digiri 40 a ƙarƙashin kwano. Tartsatsi guda ya isa. Su kuma yara ba abin da ke ɓuya musu a ƙarƙashin gado.

Darma ta fi wuta sanɗa. A 2010 gubar darma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, nan maƙwabtanmu, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, har sai da likitocin MSF suka kai ɗauki. Gubar nan ita ce dai a cikin tsohon batirin motar da ake fasawa a narka a gwangwani don yin ƙwayoyin harbi. Hayaƙinta yana shiga huhu, ƙurarta ta zauna a ƙasar da jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Ciwon ciki, kasala, jijjiga, daƙushewar ƙwaƙwalwa, sai a ce iska ce a tafi neman rubutu. Uwargida, ke ce kike sharar tsakar gidan nan, kina da bakin cewa a'a.

Ban raina farauta ba, sana'a ce mai sarauta da tarihi. Amma a gaya wa juna gaskiya: wace ɓauna ta rage a dazukan Sakkwato da za a yi wa babban ɗuri? Gada ce da zomo da zabo. Giwa da zaki dokar kare namun dawa ta haramta taɓa su. Dazukan Isa da Sabon Birni da Tangaza kuwa kowa ya san wanda ke cikinsu yanzu.

Doka ma ba ta bar ƙofa ba. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi in ba a ma'ajiyar makaman gwamnati ba, kuma ko bindigar toka tana buƙatar lasisi daga kwamishinan 'yan sanda. Abin da Baturen can ke yi halas ne a ƙasarsa, a nan gidan yari ne. Ba mu manta da Uromi ta jihar Edo ba, inda a watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 masu komawa Kano bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Zalunci ne tsantsa, ba abin da zai wanke shi. Sai dai ya nuna irin idon da ake kallon mai tafiya da makami a yau.

Wanda ke da garin albarushi a gida kada ya ƙona shi, kada ya zuba a kwata ko a bola inda almajirai ke tone-tone. Ya sami mai unguwa ko Sarkin Baka su raka shi ofishin 'yan sanda, suna da sashen da aikinsa ke nan.

In kuma tsautsayi ya riga ya faɗa, a danne wurin da ke zubar jini da tsumma mai tsabta, a riƙe da ƙarfi. Ƙuna a kwarara mata ruwa mai sanyi minti 20, ban da manja, ban da toka, ban da man goge baki. Ƙarfen da ya nutse a jiki ko a ido kada a zare shi. Kada a ɓoye mai rauni a ɗaki don tsoron kamu: dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti ya karɓi wanda harbi ya sama ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A kira 112, ko a sa shi a mota a nufi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kai tsaye.