Tafinta tsakanin tsohon kundi da sabuwar manhaja: matsalar rubutun sunaye

Idan ana son manhajar intanet ta ɗebo bayani daga tsohuwar kwamfutar ofis, ba a rushe tsohon kundi. Ana gina wani tsari tsakaninsu, wanda za mu kira tafinta. Shi ke karɓar tambaya, ya juya ta zuwa sigar da tsohon inji ya sani, sannan ya maido amsa.

A gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, aikin tafintan nan ya shafi harshe. Kundayen haihuwa sun bi ƙa'idar rubutun Faransanci: Tsernaoua a madadin Tsarnawa, Badaguichiri a madadin Badagishiri, Ousmane a madadin Usman. Ƙa'idar Hausa kuwa, wadda taron Bamako na 1966 ya share wa fage, dokar Nijar ta 1999 kuma ta tabbatar, tana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tsofaffin injina da yawa ba su san waɗannan haruffa ba, sai su mayar da Ƙonni Konni.

Inji harafi yake gwadawa da harafi. Mai neman takardar haihuwarsa da rubutun Hausa zai iya jin an ce babu shi, alhali sunansa na nan.

Saboda haka wajibi ne tafinta ya riƙe jadawalin daidaito: ou da u ko w, tch da c, dj da j, k da k ko ƙ. Inda harafi guda ya dace da biyu, sai a kawo duka sakamakon, ma'aikaci ya tantance da sunan uba da shekarar haihuwa. Tsara wannan jadawali aikin masanin harshe ne.