Jinga Kafin Biza

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a ƙofar gidan wani dattijo a Dawaki, sai ga ɗan ƙanwarsa ya zo gaisuwa. Yaron ya gama karatun gashin ƙashi a Kano, ya yi shekarar sanin makamar aiki a asibiti, ya yi hidimar ƙasa, ga shi kuma wani kamfani a Ingila ya ce zai ɗauki nauyin bizarsa. Da ya gama gaida mutane sai ya ce, "Kawu, abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kuɗin da dillalin ya faɗa mini a waya bai kai wanda na ga dokarsu ta yanka ba. Ina so in tambaye su." Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Kul, ɗan nan. Mutum ya ɗauke ka daga nan ya kai ka ƙasar Turawa, sannan ka tsaya kana ciniki da shi? Ko nawa suka ba ka, sa hannu biyu ka karɓa. Da babu gara ba daɗi." Majalisa ta amsa da cewa gaskiya ne. Ban ce uffan ba, domin ba a musu da babba a gaban ɗansa. Amma maganar ta bi ni har gida.

Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Daga Rano har Kibiya, har cikin birnin Kano, abin da akasarin iyayenmu suka ɗauka shi ne duk wanda ya yi maka hanyar fita waje alfarma ya yi maka, kuma wanda aka yi wa alfarma ba ya tambayar nawa. Na san inda maganar ta samo tushe. Iyayenmu sun yi ci-rani, sun ga 'yan'uwa da suka zauna a Makka da Jidda ba takarda, sun san cewa baƙo raɓa ne, kuma sun ga yadda tsayin baki ya mayar da wasu gida hannu rabbana. Tsoro ne na ƙauna, ba na rashin sani ba. Sai dai ina ganin a wannan gaɓar shawarar tana jefa yaron cikin ramin da ake gudar masa.

Mu fara daga gida. A cikin waɗanda suka ce gaskiya ne a ranar, babu ko ɗaya da zai ɗauki fartanya ya shiga gonar wani ba a yi jinga ba. Ko ciran gyaɗa ne, ko yankan shinkafa, ko karyar masara, sai an tsaya a bakin gona an faɗi kuɗi, an ja, an daidaita, sannan a sunkuya. Mai gona ba ya ɗaukar wannan rashin kunya, ɗan ƙwadago ma ba ya jin ya yi butulci. Malamanmu da suka karantar da mu Risala sun nuna mana cewa ijara ba ta inganta sai an ambaci lada an kuma yanke lokaci. To me ya sa abin da muka yarda da shi a kan aikin yini ɗaya za mu hana shi a kan aikin shekara uku ko biyar, a ƙasar da yaro ba shi da uwa ba shi da uba?

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne a Birtaniya jingar ma ba a hannun mai ɗaukar aikin take ba. Hukuma ta riga ta yi ta. Tun watan Agusta na 2020 suke da biza ta musamman don ma'aikatan lafiya, kuma likitan gashi yana cikin waɗanda ta shafa, muddin ya yi rajista da hukumar HCPC mai ba su izinin aiki. Sharaɗin bizar shi ne albashi ba zai gaza wani adadi ba. Daga Afrilun 2025 adadin ya koma fam 25,000 a shekara, bayan ya kasance fam 23,200. Wannan ma ƙasan ƙasa ne. Idan jadawalin albashin hukumar lafiya ta NHS ya yanka wa matakin aikin abin da ya fi haka, to mafi yawan ake bi. Sabon likitan gashi a Ingila yana farawa ne daga mataki na 5, wanda a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 ya fara daga fam 31,049, a kan aikin sa'o'i 37 da rabi a mako. Batun sa'o'in nan a riƙe shi da kyau, domin wanda aka ba wannan kuɗin amma aka sa shi aikin sa'o'i 48 an rage masa albashi ne ta bayan gida. Kafin a ba da biza sai kamfani ya rubuta aikin da albashin a takardar shaidar ɗaukar nauyi, ya miƙa wa ma'aikatar cikin gida. Ke nan yaron da ya ce zai tambaya ba ƙari yake roƙo ba. So yake ya ji ko abin da aka faɗa masa a waya shi ne abin da aka faɗa wa hukuma.

Kada kuma mu ɗauka don son baƙo aka kafa wannan doka. Sun kafa ta ne don kare 'ya'yansu. Da za a bar kamfanoni su kwaso ƙwararru daga Najeriya da Indiya su biya su rabin kuɗi, da ɗan ƙasa ya rasa aiki ko albashinsa ya faɗi. Mu ma mun san wannan a bakin gona: in mutum ɗaya ya karya jinga, ya karya wa duk waɗanda ke tsaye a bayansa. Yaronmu da ya karɓi ƙasa da ƙa'ida ya yi shiru, ƙaninsa da zai biyo shi baɗi ya cuta.

A Amurka ma haka tsarin yake. Mai son ɗauko ma'aikaci da bizar H-1B sai ya fara yi wa ma'aikatar ƙwadago alkawari a rubuce cewa zai biya mafi yawa a cikin abu biyu: albashin da aka saba biyan masu wannan sana'a a yankin, ko wanda yake biyan sauran ma'aikatansa masu irin aikin. Ba shi da ikon ajiye ma'aikacin ba biya don wai marasa lafiya sun yi ƙaranci. Ƙofar dai ta ƙara ƙunci tun da gwamnatin Trump ta sanar da kuɗin dala 100,000 a kan sababbin buƙatun wannan biza a Satumbar 2025. Amma ga abin da ya fi jan hankalina. Ma'aikatar ƙwadagon Amurka tana da wani jeri na sana'o'in da ta yarda tun tuni cewa 'yan ƙasa ba su isa ba, har ta ɗauke wa kamfani wahalar tabbatar da ya nemi ɗan gida ya rasa. Sana'o'i biyu ne a rukunin farko na jerin: ma'aikatan jinya da likitocin gashi. Ƙasa ce da bakinta take cewa tana buƙatar hannu irin na yaron nan. To a nan wa ya yi wa wani alfarma? Mahaifinsa ya sayar da buhunan masara da tumaki shekara biyar ko fiye yana biyan kuɗin makaranta, malamai a Jami'ar Bayero da Asibitin Ƙashi na Dala suka horar da shi, asibitin Ingila bai kashe ko kwabo a kan wannan ba, zai karɓe shi a nune. Ciniki ne tsakanin mabuƙata biyu, kuma godiya ba ta hana ƙirga canji.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirun da ake horon yaro da shi yana iya zama sanadin korarsa. Bizar Birtaniya a kan albashin da aka rubuta wa hukuma aka gina ta. Ranar da ya je sabuntawa, ko neman izinin zama na dindindin, za a duba abin da ake biyansa. Idan bai kai ba, ba za a ce ai yaron kirki ne mai haƙuri ba. Idan kuma hukuma ta kama kamfanin ta ƙwace lasisinsa, bizar ma'aikatansa ce ke rawa. Wannan ba hasashe ba ne. Gwamnatin Birtaniya ta bayyana cewa daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni sama da 470 a fannin kula da tsofaffi da marasa ƙarfi, kuma ma'aikata sama da 39,000 ne ke da alaƙa da waɗannan kamfanoni. Ta wannan ƙofar ce dillalai suka riƙa tura ƙwararrunmu, a ce wa mai digiri ya shiga a matsayin mai kula da tsofaffi tukuna, in ya so daga baya ya gyara. A Yulin 2025 aka rufe ɗauko irin waɗannan ma'aikata daga waje. Duk dillalin da har yanzu yake tallar wannan hanya, a yi nesa da shi.

Akwai kuma dabarar a biya ka cikakke ta banki, sannan a ce ka mayar da wani kaso wai kuɗin takarda. Tun ƙarshen Disambar 2024 doka ta hana kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗin lasisinsa ko na takardar shaidar ɗaukar nauyi. Wanda ya ce ka kawo miliyoyi ka sayi wannan takarda, tun daga nan ka san ba aiki yake sayarwa ba.

Ba zan ɓoye inda iyayenmu suke da gaskiya ba. Baƙo mai rauni ne ko doka tana bayansa. A Birtaniya idan aiki ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara. Wanda ke da mata da 'ya'ya da bashin jirgi a wuya zai yi tunani sau goma kafin ya kai ƙara. Amma wannan raunin shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata a yi tambayar tun ƙafa tana Dawaki, lokacin da in an ƙi amsawa ba abin da aka rasa sai kuɗin kati. Tun ran gini ran zane.

Haka kuma ba kowace ƙasa ce ta yanka wa baƙo adadi ba. Saudiyya, inda mutanenmu suka fi sani kuma suka fi so, ba ta da mafi ƙarancin albashi na doka ga baƙin da ke aiki a kamfanoni. Riyal 4,000 da ake ambata ya shafi yadda ake ƙirga 'yan ƙasa ne a tsarin ba su guraben aiki. Sun sassauta igiyar kafili a Maris na 2021, amma abin da ke cikin yarjejeniya shi ne dukan abin da likitan gashi zai dogara da shi. Ƙatar ta yanka riyal 1,000 a wata ga kowa da kowa tun Maris na 2021, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci idan kamfani bai bayar ba, sai dai wannan adadi ne na leburanci, ba ma'aunin mai digiri ba. A irin waɗannan wurare wanda bai yi jinga da bakinsa ba, babu mai yi masa.

Wani abin da ke sa mu ce a karɓi ko nawa ne shi ne lissafin canji. Fam 31,049 in aka juya shi a canjin 2025 ya kai wajen naira miliyan biyar a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, Jihar Kano kuma ta yanka 71,000. Sai mutum ya ga ko rabi aka ba yaro ai ya yi arziki. Amma ba a kasuwar Rano zai kashe kuɗin ba. Haraji da fansho za a fara cira, sannan haya, da wuta, da ɗumama ɗaki a lokacin sanyi, da mota. Adadin da hukuma ta yanka na rufin asiri ne a can. Wanda aka zabtare masa kashi uku cikin goma, daga cikinsa da barcinsa zai cire abin da zai aiko gida, mu kuwa muna nan muna jiran saƙo muna cewa ya samu ya manta da mu.

Ni da za a bi son raina, da yaron bai tafi ba. Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 cewa ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a kiyaye kwashe su, shi ya sa ƙa'idar Birtaniya ta hana a zo nan ana farautar ma'aikata, ko da yake mutum yana iya neman aikin da kansa. Mun san yadda ake ɗora mai shanyewar ɓarin jiki a mota daga ƙauyukan Kibiya zuwa Kano don gashi, a je sau biyu sau uku kuɗi su ƙare, a dawo da shi ɗaki a ce sai addu'a. Hannun da zai iya tayar da irin wannan bawan Allah ne za mu rasa. In har dole sai mun rasa shi, raina bai yarda mu bayar da shi a araha ba.

Bayan sallar isha'i na koma gidan dattijon, na same shi shi kaɗai a kan tabarma. Na ce, "Baba, ku gafarce ni, ina da magana a kan zancen ɗazu." Na faɗa masa abin da na faɗa a nan, gwargwadon yadda ya sawwaƙa. Ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbi. Can ya ce, "Wato kuɗin a rubuce yake a wurin hukumarsu?" Na ce a rubuce yake, da sunan aikin, da sa'o'in. Ya ce, "To a gaya wa yaron kada ya biya dillalin nan ko sisi tukuna. Su turo takardar, ya kawo nan ka karanta mana."