Oba-oba a Hannun Masu Kai Ɗaukin Gobara a Sakkwato

Idan wuta ta tashi a kasuwa, ba 'yan kwana-kwana ne ke fara isa ba. Masu gadi ne da 'yan dako da 'yan garuwa, sai 'yan agajin ƙungiyoyin addini. Bayan gobarar da ta ci babban ɓangare na Babbar Kasuwar Sakkwato ranar 19 ga Janairun 2021, da wadda ta biyo baya a babbar kasuwar Katsina cikin Maris na shekarar, an yi ta maganar motoci da ruwa. Ba a cika tambayar yadda waɗannan bayin Allah ke jin juna a cikin hayaƙi ba.

Wani zai ce ai kowa na da salula, ga kuma lambar gaggawa ta 112. Haka ne, amma salula mutum ɗaya take kira, sai an lalubo lamba, sai an jira a ɗauka, kuma idan jama'a suka taru kowa na kiran ɗan'uwansa, layi kan cushe. Sakkwatawa ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga. Oba-oba ba ruwanta da turken kamfani. Ka danna, ka ce "wuta ta ci ta gabas, ku ja baya," duk wanda ke kan tasharka ya ji nan take.

To wace iri za a saya? A kasuwa akwai 'yan China masu araha irin Baofeng UV-5R, akwai kuma na ƙwararru irin Motorola da Kenwood da Hytera, waɗanda kuɗin guda ɗaya zai iya sayen masu arahar goma ko fiye. Ƙarfin aika saƙonsu kusan ɗaya ne, wat 4 zuwa 5. Bambancin yana jikinsu da kunnensu. Mai araha robarta ba ta jure faɗuwa, maɓallanta ƙanana ne, wanda ya sa safar hannu mai kauri ba zai iya sarrafa su ba, kuma feshin tiyo ɗaya ya isa ya kashe ta. Idan wata na'ura mai ƙarfi na aiki kusa da ita, sai ta kurumce. Ta ƙwararru kuwa sau da yawa tana ɗauke da alamar IP67, wato ƙura ba ta shigarta, kuma za ta yi minti 30 a cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya ta fito da rai. A garin da hazon hunturu ke shiga har cikin akwati, zafin bazara kuma ke haura digiri 40, wannan ba ado ba ne. A Amurka ma ƙa'idar NFPA 1802 ta 2021 ta gindaya cewa rediyon ɗan kwana-kwana ya jure zafin digiri 260 na tsawon minti biyar, sai dai kuɗin irin waɗannan ya fi ƙarfin ƙungiyar sa kai.

A ganina, a raba kayan bisa inda kowa zai tsaya. Mai gadin da zai yi shela, da wanda zai buɗe wa mota hanya, da mai kula da isowar tankar ruwa, mai araha ta wadatar da su, gara a ba mutum ashirin da a ba biyu. Amma duk wanda zai kutsa tsakanin rumfuna da wuta a gabansa, zalunci ne a miƙa masa abin da zai iya yin shiru daidai lokacin da ake ce masa rufi zai rufto.

Kada kuma a ruɗu da nisan da aka rubuta a kwali. A tsakanin gine-gine, oba-oba ta hannu da wuya ta wuce kilomita ɗaya ko biyu. Zangon UHF ya fi ratsa wuri mai siminti da kwano da ƙofofin ƙarfe kamar kasuwa, VHF kuma ya fi tafiya a fili. Kafin mai magana daga Kasuwar Kara ya ji na Mabera ko Arkilla, sai an ɗora na'urar maimaita saƙo a kan dogon turke. Nan ne ya kamata kuɗin ƙungiyar 'yan kasuwa ya fara zuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne a sayi kaya kowa na kan tasharsa. A harin 11 ga Satumbar 2001 a Niyok, 'yan kwana-kwana 343 suka rasu, kuma bincike ya nuna matsalar rediyo ta hana da yawa jin umarnin fita, ga shi su da 'yan sanda ba sa jin juna. Ba araha ce ta cuce su ba. Saboda haka kafin a kashe ko sisi, a zauna da hukumar kashe gobara ta jiha a tsayar da tasha ɗaya ta haɗin gwiwa. Zangon rediyo na gwamnati ne, sai da izinin hukumar NCC ko ma'aikatar sadarwa ta tarayya. A halin tsaron da ake ciki, matashin da aka gani da oba-oba cikin dare babu katin shaida zai iya kwana a hannun jami'an tsaro bisa zargin kai wa ɓarayin daji rahoto.

Sai batun caji, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Kowace na'ura a ba ta batir biyu, a kafa ƙaramar sola a ɗakin masu gadi, a riƙa ajiye batiran a inuwa domin zafi na rage musu kwana. Duk wata kuma a ware dare ɗaya, mai gadin kowace ƙofa ya kira ofishin kwana-kwana a tabbatar ana jin sa.