Kamfani ba ya sayar da gurbin aiki

Makon jiya ɗan ƙanwata ya shigo da fara'a yana miƙo mini waya. "Kawu, an dace! Kamfanin mai ya kira ni intabiyu ranar Litinin, cikon naira dubu 40 kawai ya rage." Na karɓa na duba. Takardar gayyata ce a WhatsApp, tambarin kamfanin ya koɗe, imel ɗin na Gmail ne, asusun da za a tura kuɗin kuma sunan wani mutum ne a kai. Ashe uwarsa ta riga ta kwashi adashi ta tura dubu 110, wai kuɗin gurbi da na gwajin lafiya. Na kira lambar na ce a ba ni adireshin ofis. Aka katse, daga nan wayar ba ta ƙara shiga ba.

Na gaji da ganin wannan ta'asa. Ɗaukar ma'aikata a kamfani ba ɓoyayyen abu ba ne: a yi talla, ka tura takardunka, a tantance, a yi jarrabawa a kwamfuta, a yi intabiyu, a auna lafiyarka, a ba ka takardar kama aiki, ka yi wata 3 zuwa 6 ana gwada ka. Duk tsawon hanyar nan, in ban da kuɗin mota da na fotokwafi, babu inda sisi zai fita daga aljihunka.

Abin da ke kai yaranmu ya baro shi ne maganar nan da muke maimaitawa a majalisa: "A ƙasar nan ba a samun aiki sai da kuɗi." Ban ce babu masu uwa a gindin murhu ba. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidu kan cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya. Amma ku tuna ranar 15 ga Maris, 2014, da aka tara masu neman aikin shige da fice a filayen wasa. Fiye da mutum dubu 500 kowa ya biya naira 1,000, guraben ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsitsi, fiye da mutum 10 suka rasu. Wa dubu ɗayarsa ta saya wa aiki?

Balle kamfani, wanda riba ta tara shi. Ma'aikaci kuɗi ne da zai riƙa fita duk wata, don haka mai iya aikin ake nema. Wanda zai biya ka dubu 300 a wata, me zai yi da dubu 40 ɗinka? Ɗan damfara ba gurbi yake sayarwa ba, domin ba shi da shi. Yardar da muka yi cewa komai sai an saya, ita ce jarinsa. Kuma ya san in ya cuce ka ba za ka kai ƙara ba, saboda kai ma ka san toshiyar baki ka bayar, addini kuwa bai raba mai bayarwa da mai karɓa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Rashin aikin yi ma na da nasa kaso, ban musa ba.

To, matasa, in an kira ku, ku fara binciken sunan kamfanin a shafin hukumar CAC, sannan ku duba ko tallan yana shafin kamfanin kansa. Aikin da ba ka nema ba ya kira ka, biri ya yi kama da mutum. Kada ka ba kowa lambar sirrin katinka ko wadda banki ya turo maka. Kada ka bar ainihin takardar makaranta ko ta bautar ƙasa a hannun kowa. 'Yan mata, duk wanda ya ce ku same shi a ɗakin otal da dare, ba aiki zai ba ku ba.

In kiran na gaskiya ne, kuɗin da za ka kashe shi ne lokacinka. Ka san abin da kamfanin ke sayarwa da waɗanda ke gasa da shi. Duk abin da ka rubuta a takardunka, ka iya kare shi da misali. Ka isa da rabin awa a hannu, da tsabtataccen kaya. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, kada ka yi ta kame-kame. In aka zo maganar albashi, kada ka ce "duk abin da kuka bayar". Ka bincika tun daga gida ka faɗi adadi. In an ɗauke ka, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ka sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata 3. Wanda kuma aka riga aka damfara, ya ajiye kunya ya tattara rasit ya nufi EFCC.

Iyaye, ku ma ku riƙa tambaya kafin ku kwance bakin zani. Ƙanwata har yanzu tana zubin adashin nan, dubu 5 duk Juma'a, na kuɗin da ko ƙamshinsu ba ta ji ba.