Makaɗan Da Telebijin Ya Haifa: Asalin Ƙungiyar Monkees

A ƙasar Hausa da Barno, makaɗi ba ya faɗowa daga sama. Mai busa algaita a ƙofar fadar Shehun Barno da ke Maiduguri, ko dai ya gaji sana'ar, ko kuwa ya daɗe yana bin maigida kafin a ba shi fage. Amma a Amurka an taɓa kafa ƙungiyar makaɗa ta hanyar cigiya a jarida, tamkar ana neman akawu.

Cikin watan Satumba na 1965 ne waɗansu masu shirya wasanni su biyu, Bob Rafelson da Bert Schneider, suka buga sanarwar neman samari huɗu. Sun ga irin kasuwar da fim ɗin makaɗan Beatles na Ingila ya yi a 1964, suka ƙudura yin wasan telebijin mai kama da shi. Mutum 437 suka zo gwaji. Daga bisani aka tsayar da Micky Dolenz, da Michael Nesmith, da Peter Tork, da Davy Jones mutumin Ingila, aka raɗa musu suna Monkees. Dolenz, wanda aka ba ganguna, sai da aka koya masa kaɗa su.

Gidan telebijin na NBC ya fara nuna wasan ran 12 ga Satumba, 1966, nan da nan faya-fayansu suka shiga duniya. To, amma akwai lauje cikin naɗi. Mai kula da waƙoƙin, Don Kirshner, shi ke zaɓen waƙa, ya ɗauko ƙwararrun makaɗa na haya su kaɗa; samarin kuwa galibi murya kaɗai ake bukata daga gare su. Wannan ya ƙona ran Nesmith da Tork, waɗanda da ma makaɗa ne tun kafin a ɗauke su.

Da aka fitar da faifansu na biyu a farkon 1967 ba da saninsu ba, sai tura ta kai bango. Rigimar ta ƙare da sallamar Kirshner. A watan Mayu suka fitar da faifan Headquarters, wanda mafi yawan kiɗansa da hannunsu suka yi, ya kuwa zo na ɗaya a kasuwar Amurka.

An daina wasan a 1968, amma ƙungiyar ta ci gaba da kiɗa. Watau waɗanda aka ɗauka haya don su kwaikwayi makaɗa, sai da suka yi faɗa kafin a bar su su zama makaɗan gaske.