Yadda Ƙwari Ke Sansano Ƙanshi Ba Tare Da Hanci Ba

Ɗalibai, kun taɓa tambayar kanku yadda sauro ke gano mutum cikin duhu, ko yadda ƙuda ke sanin inda aka ajiye rake? Ƙwari ba su da hanci irin namu. Da 'yan ƙahonnin nan biyu da ke kansu suke sansana, ƙuda kuwa har da ƙafafunsa yake ɗanɗana abinci, shi ya sa da ya sauka sai ya yi ta tattaka shi.

A jikin ƙahonnin akwai gashi ƙanana ƙwarai masu ramuka. A cikin kowane gashi akwai ruwa, a tsakiyar ruwan kuma akwai bakin jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. To, ga inda gizo ke saƙar: yawancin sinadaran ƙanshi dangin mai ne, kuma duk wanda ya taɓa wanke tukunyar miya ya san mai ba ya narkewa a ruwa. Ta yaya ƙanshin zai haye ya isa jijiya?

Wasu ƙananan furotin ne ke yin aikin mai fito. Kowannensu a naɗe yake, da wani aljihu a tsakiya. Bayansa yana jituwa da ruwa, cikin aljihun kuma yana jituwa da mai. Da sinadarin ya shigo ta ramin gashi, sai ya faɗa aljihun, a haye da shi. Akwai manyan dangogi biyu: OBP, wanda yawanci ƙulli uku ke riƙe da siffarsa, da CSP mai ƙulli biyu, wanda aljihunsa ya fi iya buɗewa ya ɗauki sinadarai iri-iri.

Tarihin abin ya faro ne daga faɗa-wuta. A 1959 Bajamushe Adolf Butenandt ya gano sinadarin da macen faɗa-wutar siliki ke fitarwa don kiran namiji, bayan ya tattara mata kimanin dubu 500. A 1981 Richard Vogt da Lynn Riddiford suka gano furotin na farko mai ɗaukar irin wannan sinadari a ƙahon wani faɗa-wuta na Amurka. Daga baya aka ga yadda na faɗa-wutar siliki ke sauke kaya: idan tsamin ruwan ya ƙaru, kamar yadda ake zaton yana faruwa kusa da jijiya, sai jelar furotin ɗin ta naɗe ta kutsa cikin aljihun, ta turo sinadarin waje. Wannan, a ganina, shi ne wurin da ya fi ban mamaki.

CSP bai tsaya ga ƙanshi kaɗai ba, don an same shi har a ƙafar kyankyaso da ke sake tsirowa bayan ta gutsire.

Me ya shafe mu? Macen sauron Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, da warin jikinmu da iskar da muke fitarwa take gano mu. Masana sun nuna cewa DEET, sinadarin da ke cikin man korar sauro da yawa, yana maƙalewa a ɗaya daga cikin furotin ɗin OBP na wannan sauro. Yanzu suna nazarin siffar aljihun don haɗa sinadaran da za su cike shi, sauro ya rasa hanya, ko kuma a yaudare shi zuwa tarko.